Shanun da Suka Mutu a Majigi

Litinin, 18 ga Fabrairu, 1957, ƙarfe 7.15 na safe, Boɗinga

Jiya bayan sallar lisha aka nuna majigin Tukur a filin kasuwar Lambara. An ce za a fara da ƙarfe takwas, aka fara da takwas da minti ashirin da biyu. A motar majigin na je, a cikinta na dawo, bisa saƙon da Tukur ya aiko wa direba daga Kaduna.

Ina so wannan ya zauna a rubuce. Yaron da na koya wa baƙi da wasali a Elementare ta garin nan shekara goma sha tara da suka wuce, jiya sunansa ya fito a jikin farin ƙyalle, kowane harafi ya kai kamu guda. Wasan kwaikwayonsa na farko a Midil ta Sakkwato ya rubuta shi, shafi huɗu, kuskure talatin da ɗaya. Yana wurina. Haka ma wasanni tara da ya yi wa makarantu, da shida da aka karanta a rediyo, duk suna cikin akwatin ƙarfe, kowanne da gyarana a jikinsa. Bai taɓa fitar da rubutu ba sai ya biyo ta hannuna. Wannan ne majiginsa na uku, kuma a kansa ne Baturen ofishinsu ya yi masa alkawarin kwas a Ingila cikin watan Mayu.

Labarin wani makiyayi ne da ya ɓoye garkensa a daji don kada malaman dabbobi su yi masa allura, cutar bushiya ta shiga ta kashe shanun. Mode ne ya fito a matsayin makiyayin, Mode na rugar bayan Lambara, wanda shanuna biyu ke hannunsa, kamar yadda shanun mahaifina suka zauna a hannun mahaifinsa. Da kaka aka ɗauki hoton, ina wurin. Da aka zo inda ake bukatar matattun shanu Baturen ya rasa dabara, sai Mode ya shiga garken yana yi musu magana da Fillanci a hankali, goma sha ɗaya suka kwanta a gefensu, suka miƙe ƙafafu, ba su motsa ba har aka gama. Ban taɓa ganin irin haka ba.

Jiya da fuskarsa ta fito mutane suka yi ta sowa, shi ma yana dariya yana rufe baki da hannun riga. Da aka kai wurin shanun sai filin ya yi tsit. Na lura waɗanda ke zaune kusa da shi sun ɗan ja da baya. Na ɗauka girmamawa ce.

Talata, 19 ga Fabrairu, ƙarfe 4.00 na yamma

Na rubuta wa Tukur wasiƙar murna. Na nuna masa kuskure biyu: sandar Mode tana kafaɗar dama, da hoto ya juya sai ga ta a hagu; kuma an ga inuwar mai ɗaukar hoto a bakin tabki.

Alhamis, 21 ga Fabrairu, ƙarfe 1.30 na rana

Matata Atika ta dawo daga gidan suna da wata magana da ta ji wurin matan masu albasa. Wai Safinatu matar Mode ta zaga Lambara da ƙwaryar nono tun safe har azahar ba wanda ya taɓa, daga baya ta zuba wa karnuka. Na ce mata wannan maganar mata ce.

Ta ce, “To ai mata ka sayen nonon, Malam.”

Asabar, 23 ga Fabrairu, ƙarfe 11.40 na safe

Mode ya iso da hantsi, a ƙafa. Ya ƙi shiga zaure, ya tsuguna a bakin ƙofa, wai kada a ce ya kawo mini wani abu a tafin ƙafarsa. Muka gaisa yadda ya kamata. Zan rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, ba yadda littafi ya ce a rubuta ba.

“Malam, sun hana ni rijiya.”

Mainasara, mai unguwar da rijiyar ke ƙasarta, shi ya aika a gaya masa. Manoma uku da ya zauna musu a gona don taki, su ma sun ce ya tashi. Yanzu yana bakin tabkin da ke yamma da ruga. Na tambaye shi kwana nawa ruwan tabkin zai kai.

“In Allah yay yarda, kwana ashirin. Bayan nan laka ta.”

Na tambaye shi shanu nawa ne za su sha.

“Haba Malam, ana ƙidaya shanu?”

Bai kamata in tambaya ba, na san ba sa ƙidayawa. Ni dai na ƙidaya su ranar hoto, sittin da huɗu ne.

Ya daɗe yana zana ƙasa da tsinke, sa'an nan ya ce, “Kai kac ce min wasa na.”

Na ce wasa ne, har gobe wasa ne.

“To, ka zo ka gaya musu.”

Atika ta kawo masa fura. Ya sha a tsugune, ya wanke ƙwaryar da kansa, ya kife ta nesa da sauran.

Lahadi, 24 ga Fabrairu, ƙarfe 6.50 na safe

Na buɗe akwatin ƙarfe, na fito da rubutun majigin, na duba shafi na biyu, na mayar.

Talata, 26 ga Fabrairu, ƙarfe 5.45 na yamma

Na je Lambara a babbar motar albasa. Na sami Mainasara a lambunsa ana cira. Tsarana ne, tare aka yi mana kaciya, saboda haka ba a tsawaita gaisuwa ba.

“Lirwanu Agogo!” ya ce. “Ƙarhe nawa yanzu? Gaya wa albasan ga, su san sun makara.”

Na yi masa bayanin abin da ake kira wasan kwaikwayo, dalla-dalla, tsawon minti goma sha biyu. Ya saurara bai katse ni ba, ya kamata in rubuta masa wannan.

“Na jiya,” ya ce. “To ni ma ka ji tawa. Majigin ga na Gwamna na, ko ba nashi na ba?”

Na ce nasa ne.

“Bara yan nuna muna jirgin ruwa da alhazai ciki. Alhaji Yahaya yac ce haka jirgin yake, har tsatsar. Yan nuna muna yadda aka gina salga, munka gina, ba ta rushe ba. Ba mu taɓa kama shi da ƙarya ba. Rannan kuwa mai lasifika bai ce wani mutum can wani gari ba. Cewa yay yi, ga Mode ɗan Jaɓɓi na Lambara, ƙasar Shagari. Munka ga tabkinmu. Munka ga kukar bakin hanya. Nig ga jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho kwance ta miƙe.”

Na ce saniyar tana nan da ranta, ya je ya gani.

“Na gan ta. Wadda tat tashi daga bushiya ai ita ka raba wa saura.”

Na ce ba haka ilmi ya nuna ba. Nan ya daina wasa.

“Lirwanu, shekarar da bushiya tash shigo ƙasar ga kana makarantar Nasara kana koyon agogo. Ni nij ja mushen shanun babana da igiya, har kura taƙ ƙoshi tab bar su. In ni niy yi kuskure, shanun Mode su ji ƙishi. In kai kay yi kuskure, garke takwas ka shan rijiyar ga. Ba ni ƙin Mode. Bakin da yah hwaɗi shi za shi warware. Majigi shi dawo shi ce wasa na, gaban mutane, ranar nan ni da hannuna za ni ja mishi guga.”

Ya rako ni har bakin hanya. Ya ɗaura mini albasa a bayan jaka.

Laraba, 27 ga Fabrairu, ƙarfe 9.00 na safe

Na rubuta wa Tukur, shafi uku, na ajiye kwafi. Na bayyana masa kwanakin tabki. Na roƙe shi ya sa ofishinsu su ba mai lasifika umarni ya faɗa a bainar jama'a cewa labarin ƙagagge ne, kuma Mode bai taɓa ɓoye ko maraƙi ba. Sau huɗu na sake sakin layi na ƙarshe. Akwai jimla ɗaya da na sa, na cire.

Asabar, 2 ga Maris, ƙarfe 12.10 na rana

Babu wasiƙa.

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe 6.20 na yamma

Na yi wata dabara. Malamin dabbobi na nan Boɗinga tsohon ɗalibina ne, na sa ya hau kekensa ya je ya duba garken ɗaya bayan ɗaya. Ya ga yankan kunnen allura a kowace saniya, na shekara uku a jere. Ya rubuta takarda ya buga hatimi. Na duba ta, babu kuskure, na aika wa Mainasara.

Ya dawo mini da ita a naɗe, da saƙo: “Ka ce wa Agogo na gode. Mutum biyu ka iya karanta wagga a Lambara. Majigi kowa yak karanta shi.”

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe 12.10 na rana

Babu wasiƙa. Na tambayi ma'aikacin gidan waya ko ya duba ƙasan jaka. Ya ce, “Malam, jiya ma na duba.”

Jumma'a, 8 ga Maris, ƙarfe 3.30 na yamma

Wasiƙa ta zo. Rabin shafi, an buga ta da tafireta, abin da bai taɓa yi mini ba.

Ya ce ya kai maganar gaban Baturen sau biyu. Baturen ya ce an nuna majigin a gari goma sha huɗu, kuma shanun da ake kawowa allura sun ninka. Ya ce in aka tsaya gaban makiyaya aka ce rabin abin wasa ne, za su ce duka wasa ne, har da cutar. Ya yarda a cire sunan Mode daga takardar mai lasifika daga yanzu, amma ba za a warware komai ba. Tukur ya ƙara da cewa shi ma zai biyo motar zuwa Shagari ranar Jumma'a mai zuwa.

Maganar Baturen ba ta wauta ba ce. Abin da ya fi damuna ke nan.

A ƙasa Tukur ya sa hannu da alƙalami, “Ɗalibinku.” Ba ko kalma ɗaya a kan shafi na biyu na rubutun majigin.

Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe 7.00 na safe

Ban ci tuwon jiya ba. Atika ta ɗauke kwanon, ta dawo ta tsaya a kaina.

“Malam, wagga takarda da kaka cirowa kullum kana maishe ta, mi ag gare ta? Shekara arba'in ina share ɗakin ga, ban ga kana jin tsoron takarda ba.”

Na ce aikin ofis ne. Ta ce ai na yi fansho.

To, bari ya zauna a rubuce, tun da ni na koya wa yara cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

A shafi na biyu, Tukur ya rubuta da hannunsa: “Wani makiyayi, a wani gari mai nisa, ana ce masa Sakarai.” Na ja layi a kai da jar tawada. A gefe na rubuta: “Babu uwar da ke raɗa wa ɗanta Sakarai, babu kuma garin da ake kira Nisa. Mutanenmu ba sa gaskata abin da ba shi da suna da asali. A sa sunan gaskiya, da na uba, da na gari.” A ƙarƙashin wannan na cika gurbin da kaina. Ni ne kuma na ce a ɗauki Mode, don fuskarsa ta makiyayi ce sosai, ba ta ɗan birni da aka naɗa wa rawani ba.

Da Tukur ya zo karɓar rubutun ya tsaya a kan shafin, ya ce, “Malam, anya kuwa?”

Na ce, “Tun yaushe ka fara gyara mini gyara?”

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe 2.15 na rana

Zafi ya sauko sosai. Randarmu ta ƙare kafin azahar, mu mutum biyu.

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe 6.40 na yamma

Na je tabkin. Ruwan ya ja da baya kamu sittin daga inda aka ɗauki hoto. Shanun sai sun shiga laka har gwiwa kafin su kai ga abin da ya rage, shi ma kore ne. Maruƙa uku sun mutu da zawo. Mode da ƙanensa sun haƙa ramuka a cikin lakar suna jiran ruwa ya tsattsafo, suna ɗiba da ƙoƙo.

Na ce me zai hana ya kora su gulbi tun yanzu. Ya ce yini uku ne, kuma labari ya riga shi. Duk mashayar da ke hanya an san sunansa da na ubansa.

“Rannan nij je kasuwa sayen kanwa,” ya ce, “mai kanwa yac ce in jehwa mishi kuɗin ƙasa.”

Ya yi dariya. Na gaya masa Tukur na zuwa Jumma'a.

“Za shi hwaɗi?”

Na ce ina fata.

Ya nuna mini shanuna biyu. Sun fi sauran ƙiba. Safinatu ta ce daga randar gida yake ba su. Na duba agogo, na ce mota za ta wuce ni.

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe 5.10 na yamma

Tukur ya iso. Ya rame, ya sa kwat a wannan zafi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida Atika, ta ce masa, “Kaduna ba su da hatsi?” Ya kawo mini kwalbar tawada. Ban buɗe takardar da aka naɗe ta ba.

Muka zauna a zaure. Ya ce an riga an yi masa fasfo. Ya ce yana da wani wasa a ransa da ba na allura ba, ba na salga ba, labarin mutane kawai, kuma in ya dawo daga Ingila za su ba shi injin hoto ya yi shi. Ya yi minti ashirin yana faɗa mini yadda zai buɗe. Yana da kyau ƙwarai. Ban taɓa jin ya kawo abu mai kyau haka ba.

Sa'an nan ya ce, “Malam, tabkin fa?”

Na ce maruƙa uku.

“In na karɓi lasifikar gobe, shi ke nan, kun sani.”

Na ce na sani.

“To me kuka ce?”

Shekara goma sha tara ina gaya wa yaron nan inda zai sa waƙafi. Na ce masa shi babba ne yanzu, ya yi abin da ya ga ya dace. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na jira ya ambaci shafin. Da ya ambata da na ji sauƙi.

Ya ce, “To, Malam.” Ya tashi ya yi alwala.

Asabar, 16 ga Maris, ƙarfe 6.30 na safe

Jiya a Shagari. An fara takwas da minti biyar. Mutane sun fi na Lambara yawa, sun zo har daga Dandin Mahe. Mainasara yana gaba a kan buzunsa. Mode bai zo ba.

An cire sunan, kamar yadda aka yi alkawari. Bai yi amfani ba. Da fuskar ta fito sai filin duka ya faɗi sunan da kansa.

Da aka kai wurin matattun shanu Tukur ya hau bayan motar, ya karɓi lasifikar daga hannun mai bayani. Hoton yana ci gaba a bayansa. Ya ajiye Hausar Kaduna, ya yi irin ta gidansu.

“Jama'a, sunana Tukur, ɗan Boɗinga. Ni nir rubuta abin ga da kuka kallo. Wasa na. Shanun ga ba su mutu ba, kwantawa sunka yi, da anka gama sunka tashi. Mode bai taɓa ɓoye shanunai ba, shi ka hwara kai su allura kowace shekara. Laihina na da nis sa sunanai. Ku bar shi shi sha ruwa.”

Sai wani daga baya ya ɗaga murya, “To allurar hwa, ita ma wasa ta?”

Filin ya fashe da dariya. Tukur yana cewa a'a, cutar gaskiya ce, allurar gaskiya ce, amma direba ya kashe injin, lasifika ta mutu, ƙyallen ya yi baƙi. Na ga mai bayani yana rubutu a ɗan littafinsa da hasken tocila.

Tukur ya ce laifinsa ne da ya sa sunan. Ina tsaye kamu ashirin daga motar, ban matsa ba. Ƙafata ta dama tana ciwo tun safe.

A hanyar fita Mainasara ya kama hannuna. “Yaronka namiji na. Jibi da sahe za ni ruga da kaina.”

Lahadi, 17 ga Maris, ƙarfe 4.50 na yamma

Mainasara ya cika alkawari, ya je. Na bi shi.

Tun daga nesa muka ga ungulaye. Daren Jumma'a da na Asabar shanu sun kutsa cikin lakar da ta rage, suka kafe, ba su da ƙarfin fita. Tara ne kwance a bakin tabkin, a gefensu, ƙafafu a miƙe, kukar bakin hanya a bayansu. Jar saniya mai karyayyen ƙaho tana ciki. Mutanen Lambara sun riga mu, suna tsaye nesa, sun toshe hanci da gefen rawani. Ba sai an ce ba, sun riga sun ga wannan hoto.

Na ce ƙishirwa ce da laka. Na ce a kira malamin dabbobi ya tsaga ciki a gani. Na ce da ƙarfi.

Mainasara ya ce a hankali, “Ni na yarda da kai, Lirwanu. Duba su. In nib buɗe rijiya yau, gobe ba ni ad da unguwa ba, kuma su za su ruhe ta da ƙaya.”

Ya je ya tsuguna nesa kaɗan da Mode ya yi masa jaje. Mode ya amsa duk gaisuwar, bai tsallake ko ɗaya ba.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe 6.00 na yamma

Yau aka buɗe zangon allura a Dandin Mahe. Malamin dabbobi ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta dawowa. Garke huɗu suka zo, bara goma sha bakwai. Ya ce can cewa suke majigi da bakinsa ya ce wasa ne. A Lambara kuwa cewa suke majigi ya faɗi gaskiya, yaron ne aka saya. Kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe 10.25 na safe

Takardar waya ta zo wa Tukur, kalma goma sha ɗaya. An dakatar da shi, ya mayar da fasfo da makullin ofis. Ya karanta, ya miƙo mini, ya shiga ɗakin baƙi. Atika ta kai masa kunu, ta fito da shi yadda yake.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe 5.35 na yamma

Mode ya zo da la'asar, da shanuna biyu a igiya. Ya ɗaure su a jikin darbejiyar ƙofar gida, ya duba ƙullin sau biyu, sa'an nan ya yi sallama.

Zai tashi da asuba. Zai yi yamma, ya bi daji ya kauce wa garuruwa, har ya tsallake zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, inda motar majigi ba ta zuwa. Na ce ya tafi da su, amana ce tun ta iyaye, ba ta ƙare ba.

“Ba ni ɗaukar abin mutum in kai inda ban san dawowa ba. Ga su nan, Malam, lahiya lau. Ƙaramar tana da ciki wata huɗu. Ba ta son a zo mata ta hagu.”

Tukur ya fito ya durƙusa a gabansa, ya fara magana. Mode ya ɗaga shi.

“Tashi, ɗan Malam. An gaya min abin da kay yi Shagari. Allah shi ba ka wani aikin.”

Ya juya zai tafi. Na bi shi har bakin hanya, ba takalmi. Na ce masa akwai abin da ya kamata ya sani. Na ce ba Tukur ne ya sa sunan ba. Na ce ni ne, da hannuna, kuma yaron ya so ya hana ni.

Bai tsaya ba sosai, ya dai rage tafiya.

“Na sani, Malam. Tun daren nan nis sani. Ina Tukur yas san Jaɓɓi? Masu boko duk ƙasar ga, kai ɗai kas sha nonon gidanmu.”

Na ce ya yafe mini.

“Allah shi yahe muna baki ɗaya. Ka koma, ƙasa da zahi.”

Jumma'a, 22 ga Maris, ƙarfe 6.05 na yamma

Ni da Tukur muka kai su rijiyar bayan masallaci, yana jan guga ina riƙe igiya. Matan da ke ɗiban ruwa suka janye tulunansu har muka gama.

Sun sha, amma sun ƙi harawa. Tun la'asar suke kuka, fuskarsu yamma. Na gwada da Hausa, Tukur ya gwada da ɗan Fillancin da ya tsinta. Ba mu san abin da ake ce musu su yi shiru ba.